Allurar hoton CT da ƙodar Baba: a yi ko a fasa?

Ɗan Ƙaura: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nike nema, musamman ga ma'aikatan lafiya da ke cikinmu. Mahaifinmu shekarunshi 68, shina da ciwon suga da hawan jini tun da daɗewa. Kwanan nan ciwon ciki ya matsa mishi, ga rama. Anka yi mishi hoton ciki irin na shafa mai, likita yac ce ya ga wani abu ga hanta da hankalinshi bai kwanta da shi ba, sai an yi CT tare da allurar nan da ake sawa ta jijiya don hoto ya fito sosai. An ba mu ranar Alhamis mai zuwa a Gusau. To jiya wani maƙwabcinmu ya shigo gaisuwa, yac ce allurar nan ita ta kashe ƙodar yayanshi, kada mu kuskura. Tun sannan gida ya rabu biyu. Inna ta ce ba da yawunta ba, babban yayanmu ya ce a yi. Gwajin ƙoda da anka yi mishi makon jiya ya nuna kiriyatinin, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, ya kai 168. Don Allah mi ya kamata mu yi?

'Yar Mafara: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ni dai abin da idona ya gani zan faɗa. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, da ƙafarta ta shiga wani asibiti aka yi mata wannan hoton. Tun asuba muka fito. An ce kada ta ci komai, ita kuma ko ruwa ba ta kurɓa ba, tana tsoron kada a ce ta ɓata gwajin. Ga zafin watan Afrilu. Ba a kira mu ba sai bayan la'asar, leɓenta har ya tsage. Kwana biyu da komawarmu gida fitsari ya ragu, ɗan kaɗan mai duhu, ƙafafu suka kumbura, ta fara amai. Ƙarshenta sai wankin ƙoda. Ba wanda ya nemi gwajin ƙodarta kafin a yi, ba wanda ya tambayi magungunan da take sha, alhali kullum sai ta haɗiyi maganin ciwon gwiwa na kemis safe da dare. Ɗan'uwa, in da yadda za ku yi, ku fasa.

Kawu na Anka: Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa can ta fi nan. Ni ma ban natsu da abin nan ba. Ruwan da za a ɗura ma mutum cikin jini ba don magani ba, don hoto kawai, ai dole a ji tsoro.

Dakta (Gusau): Amin. Hajiya 'Yar Mafara, na karanta labarinki da nauyin zuciya, Allah ya ba ku haƙuri. Abin da kika faɗa yana faruwa, ba ƙage ba ne, kuma likitoci sun san da shi tun 1954 da aka fara rubuta rahoton wani mara lafiya da ƙodarsa ta tsaya bayan irin wannan allurar. Amma ina roƙon ku bar ni in yi bayanin yadda cutarwar take zuwa, domin wanda ya fahimci hanyarta zai ga inda ake tare ta.

Ƙoda ƙarama ce, amma kusan kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na jinin da zuciya ke turawa ta wajenta yake bi. A kowace ƙoda akwai ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya. A yini guda suna tace ruwa kusan lita 180, su mayar da kusan dukkansa cikin jiki, abin da ke fita a matsayin fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi ba. Mayar da wannan ruwan da gishirinsa aiki ne mai cin iskar oksijin ƙwarai, kuma mafi wuyarsa a can tsakiyar ƙoda ake yinsa. Matsalar ita ce jinin da ke isa tsakiyar nan kaɗan ne, kusan kashi 10 cikin 100 na abin da ƙodar ke samu, sauran duk a ɓangaren waje yake zagayawa. Ko a jikin mai lafiya ƙalau, tsakiyar ƙoda da ƙyar take samun abin da ya ishe ta.

Ku da ke noman rani a Bakolori kun san gonar da ke wutsiyar magudana. Ko ranar da ruwa ya wadata, ita ce ta ƙarshen sha. In aka ɗan rage ruwa daga sama, gonakin gaba ba za su ji ba, ita ce za ta fara bushewa. To haka tsakiyar ƙoda take.

Ruwan hoton nan sinadarin aidin ne a cikinsa, shi ke tare hasken na'ura har jijiyoyi da ƙari su fito fili. Jiki ba ya amfani da shi, ƙoda ce ke fitar da shi. A mai lafiyayyar ƙoda rabinsa na fita cikin kamar awa 2, kusan dukkansa cikin yini guda. Idan ya isa ƙoda, jijiyoyin jini sukan ɗan buɗe na ɗan lokaci, sannan su tsuke na tsawon awanni. Sinadaran jiki masu tsuke jijiya, irin su adenosin da endotelin, suna ƙaruwa, masu buɗe ta kuma, wato naitirik oksaid da furostagilandin, suna raguwa. Bayan haka ruwan yana da kauri. Yayin da ƙoda ke tsotse ruwa daga cikin siraran bututunta, shi yana nan yana ƙara kauri, tafiyarsa na raguwa, yana daɗewa manne da ƙwayoyin da ke jikin bututun, kuma shi kansa yana iya ƙona su. Jini ya ragu, aiki bai ragu ba, ga guba a kusa. Daga nan raunin yake zuwa.

Yanzu ki dubi halin da mahaifiyarki ta shiga ɗakin hoton. Jikin da ya wuni babu ruwa cikin zafin Afrilu ya riga ya tsuke jijiyoyin ƙodarsa da kansa don ya adana ruwa. Abin da ke hana su tsukewa gaba ɗaya a irin wannan lokaci shi ne furostagilandin ɗin nan, kuma shi ne ainihin abin da maganin ciwon gwiwa irin su diklofenak da ibufurofen ke toshewa. Kafin allura ta shiga jikinta an riga an rufe ƙofofi biyu. Da an gwada ƙodarta, an tsayar da maganin, an ba ta ruwa, da wataƙila labarin ya sha bamban.

'Yar Mafara: Innalillahi. Dakta, wallahi ba wanda ya taɓa yi mana wannan bayanin. Diklofenak ɗin ne kuwa take sha.

Ɗan Ƙaura: Allah ya saka da alheri Dakta. To shi 168 ɗin na Baba, ya yi yawa ne?

Dakta (Gusau): Ya haura na mai lafiya, amma lambar ita kaɗai ba ta isa ba. Kiriyatinin daga tsoka yake fitowa, don haka sai an haɗa shi da shekaru da jinsi a lissafa abin da muke kira eGFR, wato kimanin ƙarfin tacewar ƙoda. Ga misali: kiriyatinin 110 a jikin namiji ɗan shekara 30 yana ba da eGFR wajen 80, amma wannan lambar dai a jikin tsohuwa 'yar shekara 70 ba ta wuce 46 ko 47 ba. Shi ya sa nake jin takaici in na ga an kalli takardar tsohuwa an ce lafiya lau don lambar ba ta fita daga layin da aka buga a gefe ba. Na Baba, da shekara 68 da kiriyatinin 168, ya kama wajen 38. Ƙodar tana aiki, amma ta raunana, kuma akwai suga. Irinsa ake yi wa hoton, sai dai da shiri. Ka kai takardar nan wa likitan da ya rubuta hoton tun kafin Alhamis, ka ce masa ka zo ne a kan maganar ƙoda. Shi ya ga Baba ido da ido, shi zai yanke.

Ƙaramin Likita: Ranka ya daɗe Dakta, da izininka zan ɗan saɓa, ba a kan shirin ba, a kan girman tsoron. Yawancin abin da aka koya mana game da wannan cutar ya samo asali ne daga zamanin tsofaffin ruwan hoto da kuma masu ciwon zuciya da ake zura wa ruwan kai tsaye cikin babbar jijiya. Kuma tsofaffin binciken ba su kwatanta da waɗanda aka yi wa CT babu allura ba. Mutumin da ke kwance a asibiti ƙodarsa na iya raunana saboda zazzaɓi, ko faɗuwar awon jini, ko magunguna, sai a ɗora wa allura laifi don ita aka gani. A 2013 masu bincike a asibitin Mayo Clinic na Amurka sun duba bayanan marasa lafiya sama da 50,000, suka kwatanta waɗanda aka yi wa allura da waɗanda ba a yi wa ba masu kamancin hali, ba su ga wani bambanci a raunin ƙoda ba. A 2017 kuma binciken AMACING a Mastirik ta ƙasar Holan ya ɗauki mutum 660 masu eGFR tsakanin 30 da 59, aka ba rabi ƙarin ruwa, rabi ba a ba su ba, sakamakon ya zo kusan ɗaya. Har ma wasu daga cikin waɗanda aka ƙara wa ruwan ya yi musu yawa. Daga baya a 2020 ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka da gidauniyar ƙoda ta ƙasar suka fitar da matsaya ɗaya: haɗarin gaske yana kan mai eGFR ƙasa da 30 ko wanda ƙodarsa ke cikin sabon rauni, su ne ƙarin ruwa ya wajaba a kansu. Daga 30 zuwa 44 an bar wa likita ya duba hali.

Abin da ya sa na damu shi ne ina ganin kishiyar labarin Hajiya. Mutum ya zo da ƙari a ciki, ko jini ya daskare a huhunsa, dangi su ƙi hoto saboda ƙoda, a koma gida, a dawo bayan watanni abu ya gagara. Wannan mutuwar ba wanda ke ba da labarinta a zaure, domin ba a san hoton ne da zai tsare ta ba.

Sista Tsafe: Likita, maganarka gaskiya ce, amma bari in tambaye ka. Mutanen Holan ɗin nan da ba a ƙara wa ruwa ba, daga ina suka taso? Daga gidajensu, cikin sanyi, sun karya sun sha ruwansu. Namu fa? Tsoho ya baro Shinkafi ko Gummi ko Ɗansadau, mota cike, rana ta haura digiri 40, kuma da gangan yake ƙin shan ruwa don kada fitsari ya kama shi a hanyar da direba ba zai yarda ya tsaya ba, kun dai san halin da hanyoyinmu ke ciki. Mata sun fi yin haka. Ina karɓarsu, in ɗaga fatar bayan hannu ta tsaya a tsaye, harshe a bushe, in nemi jijiya in rasa. Wani ma kwana biyu yana gudawa bai faɗa ba. In ka ce wa irin wannan ba ya buƙatar ruwa saboda an yi bincike a Turai, ka zalunce shi.

Ƙaramin Likita: Sista, ban musa ba. Wanda ya bushe a ba shi ruwa ko da ba za a yi masa hoto ba. Abin da nake gudu shi ne mutane su karanta zauren nan su tafi da cewa allurar hoto guba ce.

Dakta (Gusau): Ku biyun kuna kan hanya. In ƙara maka, Likita, a shekarar 2013 ɗin dai wani babban bincike daga Jami'ar Mishigan ya samu cewa masu eGFR ƙasa da 30 haɗarinsu ya ƙaru da allurar. Don haka ba a wanke ta tas ba, an dai gane su wa take kamawa. Ni a wajen Baba, mai 38 da suga, da rama, da tafiya daga Ƙaura cikin wannan yanayi, zan fi son a sa masa ruwa. Ba tsada gare shi ba, kuma in an lura da shi ba ya cutarwa.

Mai Hoto: Salam. Ni a ɗakin CT nake aiki, bari in faɗi namu ɓangaren. Da farko maganar kada a ci komai. Inda ake faɗin haka, galibi abinci mai nauyi ake nufi na 'yan awanni, saboda wasu na jin tashin zuciya. Ruwan sha zalla yawanci ba a hana shi, hoton ciki ma sau da yawa mu ne ke miƙa wa mutum ruwa ya sha kafin ya hau gado. Ku tambaya da bakinku ranar da aka ba ku lokaci: ruwa fa, zai iya sha? Kada ku bar tsoho ya yanke wa kansa hukunci.

Sannan ruwan hoton iri-iri ne. Ana auna ƙarfin jan ruwansa a kwatanta da na jini, wanda yake wajen 290. Tsofaffin, irin su Urografin, suna haura 1,500, sun ninka jini sau biyar ko fiye, su ne suka fi wahalar da ƙoda. Wani likitan hoto ɗan ƙasar Suwidin, Torsten Almén, shi ya kawo dabarar sabon samfuri a ƙarshen shekarun 1960, daga nan aka samu irin su Omnipaque da Ultravist da ake amfani da su yanzu, nasu yana tsakanin 600 da 850. Akwai Visipaque da ya yi daidai da jini, sai dai ya fi kauri ya fi tsada. In an rubuta muku ku sayo da kanku, ku sayi abin da aka rubuta, ku duba ranar lalacewa, kada wani ya ce ga mai araha duk ɗaya ne.

Yawan da ake sawa ma yana da tasiri. Hoton ciki na babba kan ci mililita 80 zuwa 120. In muka ga takardar ƙoda mai rauni, muna magana da likitan hoto a rage zuwa mafi ƙarancin abin da zai ba da amsa. Amma sai mun gani. Ku zo da takardar gwajin a hannu, ku ajiye mana a kan tebur ko ba mu tambaya ba.

Ku kuma gaya wa Baba tun a gida: lokacin da ruwan ya shiga zai ji ɗumi ya ratsa shi daga wuya har mara, bakinsa ya yi ɗanɗanon ƙarfe, ya ji kamar fitsari ya kuɓuce masa. Bai kuɓuce ba, kuma cikin minti ɗaya ko biyu zai wuce. Dattawa da yawa kunya ke sa su yunƙura su tashi a daidai lokacin, hoto ya lalace, a koma maimaitawa da wata allurar, wanda shi ne abin da ba ma so ga mai raunin ƙoda.

Ɗan Ƙaura: Wanga bayani ya yi amfani ƙwarai. Ga magungunan da shike sha: metfomin na suga, lisinofiril na hawan jini, da wani ƙaramin na fitsari. In bayanshi ya matsa kuma ƙanena na sawo mishi Feldene. Sannan Baba ba ya barin azumin Litinin da Alhamis, ga shi ranar ta faɗo Alhamis.

Famasis: Ɗan Ƙaura, Feldene ɗin nan dangin diklofenak ne, ku ajiye shi daga yau, ba don hoto kaɗai ba. Mai eGFR 38 bai kamata ya riƙa shan wannan dangin ba sam. In ciwo ya taso ku tambayi likitansa, galibi farasitamol ake ba irinsu, amma tunda ana binciken hanta, shi zai faɗi adadin. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne haɗuwar ukun. Kowace matatar ƙoda tana da jijiyar shiga da ta fita. Feldene na tsuke ta shiga, lisinofiril na sassauta ta fita, maganin fitsari na rage ruwan jiki gaba ɗaya. In suka haɗu, ƙarfin da ke tura jini cikin matata sai ya faɗi.

Amma ku ji da kyau: lisinofiril ba abokin gaba ba ne, a tsawon lokaci yana kare ƙodar mai suga. Kada ku tsayar da shi ko na fitsarin da kanku, likita ne zai ce a ɗaga na ranar ko a ci gaba. Shi kuwa metfomin ba ya cutar da ƙoda. Ƙoda ce ke fitar da shi, in ta yi rauni bayan hoto sai ya taru a jini ya jawo tsami mai haɗari. Shi ya sa likitoci da yawa ke tsayar da shi ranar hoton har awa 48, a sake gwaji kafin a koma. Da ma a matakin ƙodar Baba ya kamata a sake duba yawan da yake sha. Ku kuma faɗa in an yi masa allurar jentamaisin ta kashe ƙwayoyin cuta kwanan nan, ko yana shan wani jiƙo ko haɗin gargajiya. Ba don a yi muku faɗa ba, don a san abin da ƙodar ke ɗauke da shi.

Malam Bungudu: Game da azumi, ɗana, na Litinin da Alhamis nafila ne, babu laifi a kan wanda ya bari. Ko na Ramadan da yake farilla, Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara ya rama a wasu kwanaki. Ku faɗa masa da ladabi, in ya ƙi ji daga bakinku ku sa limaminsu ya yi masa magana. Dattijo ya fi karɓar irin wannan daga sa'ansa.

Ɗan Gummi: Ni yayana da anka yi ma hoton zuciya a Sakkwato shekarun baya, an ba shi wani magani mai warin ƙwai anka ce shina tsare ƙoda. Mi zai hana su saya ma Baba?

Famasis: Asetilsistin kake nufi. Ya yi tashe ne bayan wani ƙaramin bincike na mutum 83 a Jamus a 2000, likitoci a ko'ina suka rungume shi saboda araha ne. Da aka gwada shi a kan mutane da yawa sai ya kasa. A Barazil an gwada a kan sama da 2,300 a 2011, babu amfani. Sannan binciken PRESERVE da aka buga a 2018, mai mutum wajen 5,000, ya nuna bai fi ƙwayar banza ba, haka ruwan bakabonet bai fi ruwan gishiri na asibiti ba. Kuɗin ku kai su wajen gwajin jini na biyu ya fi.

Dakta (Gusau): Haka ne. An gwada abubuwa da yawa masu kama da hankali suka faɗi. An ce a ba da Lasix ko manitol don a kore ruwan hoton da sauri, wani bincike na 1994 ya nuna waɗanda aka ba ruwan gishiri kaɗai sun fi tsira, domin maganin fitsari ƙara busar da jiki yake yi. An gwada dofamin don ya buɗe jijiyar ƙoda, bai yi ba. An gwada wankin ƙoda nan take bayan hoto, shi ma bai hana ba, domin ruwan na isa ƙoda cikin mintuna kafin a haɗa inji. Abin da ya rage a hannunmu shi ne ruwan gishiri mai kashi 0.9. Yana cika jijiyoyi, jiki ya daina ba da umarnin a tsuke, ya kuma tsinka ruwan hoton a cikin bututun ƙoda ya wuce da wuri. Ga wanda ke kwance akan ba da mililita 1 a kan kowane kilo na nauyinsa a kowace awa, awa 6 zuwa 12 kafin hoto da bayansa. Ga mai zuwa daga gida akwai gajeren tsari na awa ɗaya kafin hoto da 'yan awanni bayansa. Shawarata ku kwana a Gusau ranar Laraba in da hali, ya huta ya sha ruwa, maimakon ku taso da shi da safe.

Gargaɗi ɗaya: wanda zuciyarsa ta raunana, ko ƙafafunsa ke kumbure, ko yake haki in ya kwanta, ba a ɗura masa ruwa haka nan. Ruwan na iya taruwa a huhu. Kada wani ya karanta wannan ya je ya sa a ɗaura wa tsohonsa leda uku a gida.

Kawu na Anka: Dakta, mu nan wajenmu akwai wani abu. Kun san abin da gubar dalma ta yi muna a 2010, a Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma, yara sama da 400 sunka rasu. Waɗanda sunka rayu yanzu sun zama samari da 'yan mata, ga manya da sunka yi shekaru suna niƙan dutsen zinari. An ce dalma na taɓa ƙoda. Su mi za su yi in an ce a yi musu hoton? Kuma ba a iya yin MRI, hoton nan mai aiki da maganaɗisu, a huta?

Dakta (Gusau): Kawu, tambayarka tana da muhimmanci. Dalma da ta daɗe a jiki tana lalata bututun ƙoda sannu a hankali, tana kuma jawo hawan jini, kuma mutum ba ya jin komai sai abu ya yi nisa. Duk wanda ya yi aikin niƙan dutse ko ya tashi a garuruwan nan, ya faɗa wa likita da bakinsa, a gwada ƙodarsa kafin allura ko da saurayi ne mai ƙarfi. Haka wanda ya daɗe da tsargiya a garuruwan bakin ruwa, tana iya toshe hanyar fitsari ta kumbura ƙoda. Haka masu sikila: tsakiyar ƙodar nan mai ƙarancin oksijin ita ce inda jininsu ya fi lanƙwashewa, ƙodarsu ba ta iya riƙe ruwa sosai, suna saurin bushewa.

MRI kuma wani lokaci yana maye gurbin CT, a ciwon hanta ma yakan fi shi bayani. Nasa ruwan daban ne, gadoliniyam ake kira, kuma a adadin da ake sawa bai cika raunata ƙoda ba. Sai dai a 2006 an gano tsofaffin samfurinsa na jawo wata cuta mai taurara fata ga masu ciwon ƙoda mai tsanani. Sababbin samfurin haɗarinsu ya yi ƙasa ƙwarai. Ga tsada, ga ba ko'ina ake samunsa ba. Ɗan Ƙaura na iya tambayar likitansu ko zai wadatar, amma ba kowace tambaya MRI ke amsawa ba. Farin ruwan bariyam da ake sha don hoton hanji kuwa ba ya bi ta ƙoda, da bayan gida yake fita.

'Yar Mafara: Na janye maganar a fasa, amma ina nan a kan cewa kada ku bari a taɓa shi sai an dubi takardar ƙodarsa a gabanku. Dakta, bayan an yi fa? Mu sai da ƙafa ta kumbura muka farga.

Dakta (Gusau): Hajiya, wannan sharaɗin naki ni ma na sa hannu a kai. Bayan hoto, raunin ba ya nuna kansa ranar. Kiriyatinin kan fara hawa cikin awa 24 zuwa 48, ya kai ƙololuwa tsakanin kwana 3 da 5, kuma a mafi yawan mutane ya sauko inda yake cikin mako ɗaya zuwa biyu. Da yawa fitsarinsu ba ya ma raguwa, don haka ido ba ya isa. A sake gwajin jinin bayan awa 48 zuwa 72, a ɗakin gwajin da aka yi na farko in zai yiwu. In ya ƙaru da 26 ko fiye cikin kwana biyu, ko ya ninka sau ɗaya da rabi cikin mako, a koma wa likita ranar. A kwanakin nan ya riƙa shan ruwa har fitsarinsa ya yi haske, ba maganin ciwon jiki na kemis, ba zama cikin rana. In fitsari ya ragu sosai, ko amai, ko kumburi, ko haki, ko ya fara rikicewa, ba a jiran ranar gwaji. In kuma aka ce za a sake wani hoton mai allura, ku faɗa cewa an yi masa ɗaya ranar kaza, domin in ba gaggawa ba ce ana ba ƙoda aƙalla kwana biyu zuwa uku, a ga sakamakon gwajin tukuna.

Maman 'Yan Biyu: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni ma an rubuta mini CT mai allura, ƙodata lafiya lau aka ce, amma ina shayarwa. Surukata ta ce sai na yaye su.

Mai Hoto: Ba sai kin yaye ba, Hajiya. Abin da ke shiga nono bai kai kashi 1 cikin 100 na allurar ba, kuma daga wannan ɗin ma ɗan kaɗan ne hanjin jariri ke tsotsa. Ki ci gaba da ba su. In dai akwai yiwuwar sabon ciki, shi ne za ki faɗa mana kafin ki hau gado, saboda hasken na'urar.